Ba dusar ƙanƙara ce ta kashe garkar ɗiyata ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zan ɗan ja zance, in yi magana a kan kalma guda wadda ku 'yan jarida da masu rediyo kuke ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. Kalmar ita ce ƙanƙara. Ni tsohon malamin gona ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina zagaya fadamun Argungu da Augie da Suru a kan babur, manoma suna ce mini Malam, suna yin abin da na faɗa. Amma wannan kalma ta ruɗe ni da tsufana, har na ba ɗiyata shawarar da ta cinye mata rabin garka a ƙasar da ban taɓa taka ba. Na daɗe ina jin nauyin faɗa. Yanzu da iska ta fara juyawa, leɓuna suka fara bushewa, na ga gara in faɗa kafin ku sake cika shafi da hotunan ƙasashen sanyi.

Ɗiyar tawa ta fari ce, don haka ka yi mini uzuri a kan suna, ka san halinmu. Tana zaune da mijinta a Baton Rouge, babban birnin jihar Louisiana da ke kudancin ƙasar Amurka, inda yake karatu. Wanda ya ji an ce Amurka sai ya ɗauka ko'ina fari fat ne da sanyi. Ba haka ba ne. Garin nan yana bakin kogin Mississippi, ƙasa ce ta zufa da sauro da ruwan sama, ana noman shinkafa da rake a jihar, kuma kusan layi ɗaya yake da Alƙahira idan ka duba taswira. Suna da hunturu, yakan ɗan ƙona ganye wasu darare, amma dusar ƙanƙara baƙuwa ce a wurinsu. Yaro yakan shiga makaranta ya yi nisa bai ga wadda ta rufe ƙasa ba.

Da yake a gidan malamin gona ta tashi, suna samun gida mai ɗan fili a baya ta mayar da shi garka. Lokacin zafi tana shuka guro, wato kuɓewa a bakin mutanen Kano, da sure da rama da tonka. Ta dasa zogale biyu a jikin katanga, da gwanda, da ayaba, da wani ɗan lemun tsami da take ji da shi kamar ɗa. Idan sanyi ya shigo sai ta koma kan latas da kabeji da karas da albasa, a fangali biyu dogaye da mijin ya kewaye mata da katako. Duk ranar Juma'a sai ta kira ni da hoto mai motsi, ta zagaya da ni fangali-fangali, ina cewa nan ki rage, nan ki ƙara taki, can ruwa ya yi yawa. Uwarta takan ce na yi ritaya a Kebbi na kama aiki a Amurka.

Ranar Talata 21 ga Janairun 2025, na dawo daga sallar la'asar ke nan sai ga kiranta, ba ranar kiranta ba. Tsakaninmu awa bakwai ne, don haka can hantsi ne. Ta ce, "Baba, dubi." Na duba ban gane abin da nake gani ba. Babu fangali, babu katako, babu ciyawa. Ko'ina fari kamar an shanya garin rogo daga katanga zuwa katanga, kuma abin yana ta sauka a hankali ba ƙara, kamar audugar rimi idan iska ta kwaso ta. Ganyen ayaba ya sunkuya da nauyi. Jikata, amaryar tawa 'yar shekara biyar, tana tsalle a ciki da rigar sanyi har uku, tana buɗe baki tana tarar abin da harshe, tana cewa Alhaji zo ka sha. Mijin ya ce an rufe makarantu, an rufe babbar hanya, jirage ba sa tashi, kuma motocin da ke ture dusar daga kan titi sai da aka nemo su daga wasu jihohi, don su ba su saba ajiye irinsu ba. Kafin yamma abin da ya taru a garin ya kai wajen santimita 19, kusan taƙi guda. A New Orleans, wadda ke kusa da su, an auna santimita 20, kuma masu lissafi sai da suka koma 1895 kafin su samo wadda za a kwatanta da ita. Ka tuna, Malam Edita, a 1895 Sarkin Kabi Sama'ila ne ke sarauta a nan Argungu, Turawa ba su ci Sakkwato ba tukuna.

To, ga inda na yi ɓarnar. Ta tambaye ni, "Baba, me zan yi da shukar?" Ni kuwa kalma ɗaya ce ke yawo a kaina: ƙanƙara ta kwanta a kan ganye. Ƙanƙarar da na sani a rayuwata maƙiyiyar manomi ce. Ban tsaya tunani ba na ce ta ɗauki tsintsiya ta share, ta fito da shukar ta sha iska, kada abin ya kwana a kanta ya ƙone ta. Ta ƙara da cewa an yi hasashen gobe da asuba sanyi zai sauka wajen digiri 10. Na yi dariya na ce digiri 10 ai ba abin tsoro ba ne, Jos ma takan ga haka, kabeji ma daɗi yake ji. Ban tambaye ta da wane ma'auni ba. Su can da Faranhait suke awo, wanda a cikinsa ruwa yake daskarewa a kan 32. Mu da Salshiyas muke, wanda ruwa ke daskarewa a kan sifili. Digiri 10 nasu, a namu 12 ne ƙasa da sifili. Na koyar da wannan bambanci da bakina ga yaran da aka turo mana koyon aiki, amma ranar nan ko kusa bai faɗo mini a rai ba.

Yarinya mai biyayya, ta ɗauki tsintsiya. Ta share fangali na farko tas, latas ya fito kore shar, ta turo mini hoto na sa albarka. Ta fara na biyu ke nan sai maƙwabciyarta, wata tsohuwa baƙar fata haifaffiyar garin, ta leƙo ta kan katanga ta ce ta ajiye tsintsiyar nan. Ta ce reshen da nauyi zai karya, kamar na lemu, a girgiza masa. Amma abin da ke ƙasa a bar shi da mayafinsa, har ma a ƙara tura masa dusar a gindi, don daren da ke tafe shi ne abin tsoro. Ɗiyata ta rasa na bi, uba ko maƙwabciya. Sanyi ya riga ya kama mata yatsu, sai ta shige ɗaki ta bar aikin rabi da rabi. Allah ya so ta da wannan kasala.

Da dare gajimare ya yaye, iska ta kwanta, taurari suka fito ƙal. Asubar Laraba ma'auni a garin ya nuna 7 a nasu, wato kusan 14 ƙasa da sifili a namu. Sun kwana suna barin famfo yana ɗiga don kada ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi. Bayan kwana uku, da dusar ta narke, aka ga sakamako. Fangalin da na sa aka share ya zama kamar an watsa masa tafasasshen ruwa: latas ya narke ya yi yauƙi, ƙananan kabeji sun yi baƙi sun kwanta. Fangalin da tsohuwa ta hana a taɓa kuwa ya fito lafiya lau, ko gefen ganye bai ƙone ba. Taku biyu ne tsakaninsu. Iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya aka dasa su. Ɗiyata ba ta ce mini komai ba, ta dai turo hoton fangulan biyu gefe da gefe ta rubuta, "Baba, ina kwana." Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, dalilin ba baƙo ba ne a wurina. Sabuwar dusar ƙanƙara yawancinta iska ce, kusan kashi 9 cikin 10. Ka tara santimita 10 ka narkar, abin da za ka samu na ruwa bai fi santimita guda ba. Iskar da ta maƙale a tsakanin 'yan ƙwayoyin ita ce ke hana ɗumin ƙasa fita, kamar yadda bargo ba ya kawo zafi daga ko'ina, naka yake tsare maka. A ƙarƙashinta sanyi yakan tsaya kusa da sifili ko da a sama ya yi tsanani, kuma latas da kabeji da albasa suna iya jure wannan. Mu ma ai haka muke yi. Me ya sa muke rufe renon albasa da ciyawa? Me ya sa muke zuba buntun shinkafa a gindin dashe, mu kafa zana ta gabas don tare iskar hunturu? Shimfiɗa ce tsakanin ƙasa da sama. Da an ce mini Allah ya saukar wa garkar ɗiyarka buntu daga sama, da ban ce a share ba.

Shi kuma sanyin da ke kisa, ga yadda yake yi. Ganye cike yake da ruwa. Idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar da aka cika aka manta a firji take fashewa. A cikin ganye ƙanƙarar takan fara tsirowa a tsakanin ƙananan ɗakunan da suka haɗa jikinsa, ta zuƙe ruwan da ke cikinsu, ta yayyaga bangonsu. Da rana ta fito abin ya narke sai ganyen ya kasa miƙewa. Shukokin ƙasashen zafi ba su da dabarar kare kansu daga wannan. Gwandar ɗiyata ta mutu har saiwa, jikinta ya zama kamar ruɓaɓɓen kabewa. Lemun tsami, wanda a dangin lemu shi ya fi kowa raki a kan sanyi, ya zubar da ganye ya bushe. Ayaba ta narke daga sama. Zogale biyu suka zama sanduna. Waɗannan duk sun fi ƙarfin mayafin, sun tsaya tsirara a cikin daren, kuma ba laifina a cikinsu, wannan kam na wanke kaina.

Yanzu bari in dawo kan ƙanƙarar da na sani, wadda ta ruɗe ni. Ita ba ta hunturu ba ce sam. Lokacin zafi take zuwa, a goshin damina, rana ta gasa mutane tun safe, da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. A cikin irin wannan hadari mai tsawo iska tana hawa sama da ƙarfi, ta ɗauki ɗigon ruwa ta kai shi inda ake tsananin sanyi ya daskare, ya yi ta tara wani ruwan a jikinsa yana kauri, sai ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. In ka fasa babba za ka ga zobe-zobe a ciki kamar ka yanka albasar Aliero. Ina sabon ɗauka a aiki na ga wadda ba zan manta ba. Ƙwayoyinta kamar gurjiya, wasu sun kai ƙwan kurciya. Rufin kwano ya yi ta ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Cikin abin da bai kai rabin awa ba ta kakkaɓe mangwaron da ke shirin nuna, ta huda ganyen guro kamar rariya, ta karya tonka, ta kashe 'yan tsaki a tsakar gida. Yara suka fita da kwanoni suna tsinta suna tsotsa, tsofaffin gidanmu suka ɗura a kwalba wai magani ne. Manomin da na je dubawa washegari ya zauna a bakin rijiyarsa ya kasa ko amsa sallama. Wannan ce ƙanƙara a kunnen Bakabe da Bazamfare: jifa daga sama.

Dusar ƙanƙara kuwa ba ɗigon ruwa ne ya daskare ba. Tururin da ke cikin gajimare ne yake zama ƙanƙara kai tsaye, siriri, mai rassa shida, mara nauyi. Kafin ta iso ƙasa ba ta narke ba, dole iskar tun daga gajimaren har ƙasa ta kasance kusa da sifili ko ƙasa da haka. Wanda ya fara kiranta dusa ya iya magana, Allah ya ji ƙansa in ya rasu, don duk wadda ta taɓa surfe ta bushe ta san yadda dusa ke tashi ta kwanta. Sai na uku, wanda ko suna tsayayye ba mu ba shi ba: sanyin daren da ke daskarar da raɓa da ruwan cikin ganye, ba tare da komai ya faɗo daga sama ba. Shi ne ya ƙona gonakin kofi a Brazil a watan Yulin 2021 har farashi ya tashi a duniya. Shi ne ya kashe fangalin ɗiyata. Abu uku daban-daban, ɗaya yana jifa, ɗaya yana rufewa, ɗaya yana shigowa a ɓoye da asuba, amma a kanun labaranku duka ukun sunansu "ƙanƙara ta yi ɓarna".

Larabci bai yi wannan haɗin gambizar ba, kuma kowannenmu yana furta bambancin ko bai lura ba. A addu'ar buɗe salla da ta zo a hadisi, mai salla yana roƙon Allah ya wanke shi daga kurakuransa da salju da ruwa da baradu. A addu'ar jana'iza ma ana ambaton ukun. Salju ita ce dusar, baradu ita ce ƙanƙarar hadari, wadda aka ambata a Suratun Nur, aya ta 43. Tun ina yaro a makarantar zaure nake jin ana fassara su, malam ya ce "da ruwa, da ƙanƙara, da..." sai ya ɗan yi jim ya ce "da wata ƙanƙarar". Ban ga laifinsa ba, bai taɓa gani ba. Ku da kuke da hotuna a gabanku ba ku da wannan uzuri.

Akwai kuma abin da rashin bambancewar ke haifarwa a majalisa. Duk shekara sai wani ya zo da waya a hannu yana nuna raƙuma a cikin farin abu, yana cewa duniya ta zo ƙarshe, ƙanƙara a Saudiyya. Maganar alamomin tashin ƙiyama na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma wurin da ake ɗauko yawancin hotunan nan yankin Tabuka ne, kusa da iyakar Jodan, inda dutsen Lauz ya haura mita 2,500, kuma dusa tana sauka a can a yawancin shekaru. Na Aljeriya, wanda ake nuna jan yashi da farin lulluɓi, garin Ain Sefra ne, mai tsayin kusan mita 1,000 a gindin duwatsun Atlas. An gani a can a Fabrairun 1979, aka daɗe, sannan a Disambar 2016, da Janairun 2018, da wasu shekarun bayan nan. Bagadaza ta gani a Janairun 2008 da Fabrairun 2020. Gefen Alƙahira ya gani a Disambar 2013. Duk waɗannan sun fi mu nisa da tsakiyar duniya sosai, wato layin da ya raba ta kudu da arewa, kuma iskar sanyi daga arewa tana iya zurarowa ta riske su tare da laimar teku.

Wata rana wani yaro ya rantse mini cewa dusar ƙanƙara ta sauka a Jos, ga bidiyo. Na karɓa na duba. Ƙasa ta yi fari kam, amma ana jin rugugin kwano, ganye a yayyage, mutane da rigunan shan iska. Na ce masa ɗana, wannan baradu ce. Kowace mita 1,000 da ka hau sama, zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa Kilimanjaro mai mita 5,895 yake da farin rawani alhali yana daf da tsakiyar duniya. Jos ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mu a Argungu mita 200 da ɗoriya muke. Ga shi kuma sanyinmu da busasshiyar iskar Sahara yake zuwa, hazo yake ɗauke da shi ba laima ba. Lokacin da muke da gajimare babu sanyi, lokacin da muke da sanyi babu gajimare. Yaron ya ce to ai Allah mai iko ne. Na ce ƙwarai kuwa, shi ya sa ya tsara abin haka.

Kada wani ya ɗauka ina raina sanyinmu. Tun da na ajiye aiki na rataye ma'auni a jikin darbejiyar tsakar gida, ina dubawa in na dawo daga asuba ina rubutawa a wani tsohon littafin rajista. A tsakiyar ɗari yakan sauka 13 ko 14, kuma a kwarin fadama ya fi haka sauka, don iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi kamar ruwa ta taru a kwari. Masunta da ke fita gulbin Matan Fada da duku-duku sun fi ni sanin wannan. Daren da sama ta yi tas ba iska shi ya fi cizo, daidai da daren da ya ci garkar ɗiyata, sai dai namu yana tsayawa nesa da sifili. Yana fasa ƙafa, yana sa tsofaffi kwana da kasko, yana tayar wa yara da tari. Amma shi ne jarin manomin rani. Alkama ba ta yi sai da shi. Shi ya sa muke ta faɗa wa manoma su shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don wanda ya makara, alkamarsa za ta zo cika ido a zafin Maris, tsabar ta motse, buhu ya yi shafal. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa da alkama rance a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, abin da na yi ta nanata wa waɗanda suka zo neman shawarata ke nan: kuɗi da taki ba sa sayen sanyin da ya wuce. Tumatir in dare ya yi ɗumi zubar da fure yake yi. Mangwaro sai ya sha bushewa da sanyi yake huda sosai. Albasa, latas, kabeji, karas, duka 'ya'yan hunturu ne. Mutanen madatsar ruwan Bakolori a Talatar Mafara za su ba ka labari iri ɗaya.

Iyayenmu suna da lissafinsu na taurari 28, kowane yanayi bakwai, kowane tauraro kwana 13. Mahaifina bai san digiri ba, amma in malamin unguwa ya ce Shaula ta kama, ya san lokacin fito da gwado ya yi, ya san abin da zai dasa da wanda ya makara. Yau yaranmu sun saki wannan lissafi, kuma ba su kama na ma'auni ba. Sun san an yi dusar ƙanƙara a Amurka, ba su san nawa sanyi ya sauka a garinsu daren jiya ba.

Saboda haka ga roƙona, ba mai tsada ba ne. Ku bar ƙanƙara ga ta hadari, ku riƙa cika sunan dusar ƙanƙara ko da kanun zai yi tsawo, na ukun kuma ku ce daskararriyar raɓa, ko ku tambayi malaman Hausa na jami'o'inmu su zaɓa mana suna mu bi. In kun ɗauko labari daga Amurka, ku juya mana digirinsu zuwa namu, ku juya inci zuwa santimita, ko ku ce taƙi, ko kamu, yadda tsohuwa a ƙauye za ta gane. Na sha ganin an rubuta "sanyi ya kai digiri 20" a labarin da mutane suka mutu da sanyi, mai karatu yana mamakin rakin Turawa, alhali 20 ɗin nan kusan 7 ne ƙasa da sifili. Sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ku ware ɗan lungu a shafin noma ku riƙa sa mana mafi ƙarancin sanyin dare na Birnin Kebbi da Yelwa da Gusau da Sakkwato. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashe, kuma tana fitar da na shekara tun kafin damina. Hasashen ruwa kowa yana yaɗawa. Na sanyi ne ba mai ɗauka, alhali shi mai alkama da mai tumatir suke jira.

Game da garkar, labarin bai ƙare a baƙin ciki ba. Tsohuwar nan, tun kafin dusar, ta sa ɗiyata ta tara busasshen ganye a gindin zogale da ayaba, dusa kuma ta zo ta rufe tarin. Na ce mata ta tumɓuke sandunan ta huta, ta ce, "To, Baba," amma wannan karon ba ta taɓa su ba. A watan Afrilu zogale ɗaya ya tofo daga gindi, ayaba ta fito da 'ya'ya uku a gefe. Kafin Agusta zogalen ya wuce katanga, har ta yi kwaɗo ta kai wa tsohuwar. Gwanda da lemun tsami sun tafi ke nan, ta sayi wani lemun ta sa a babbar tukunya mai taya, don in an yi shelar sanyi ta tura shi ɗaki.

Har yanzu tana kirana ranar Juma'a. A kan guro da sure da tsutsa da taki ina nan da bakina. In zance ya zo kan hunturunsu sai in ce ta leƙa katanga ta tambayo. Na aika wa tsohuwar da faifai biyu da zane ta hannun wani da ya tafi, na ce surukina ya fassara mata godiyata da ban haƙurina. Ta aiko da amsa cewa ba komai, ita ma mijinta marigayi bai taɓa jin maganarta a kan garka ba. Ta kuma haɗo ɗiyata da kwanon wata miya tasu da suke kira gambo, wadda ake yi da guro da kayan ruwa a zuba a kan shinkafa. Da aka kwatanta wa uwargidana yadda miyar take, sai ta ce guro da kifi da shinkafa a bakin gulbi, a bincika da kyau, matar nan jinin Kabawa ce.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba mu hunturu mai albarka.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Argungu, jihar Kebbi.